Tsakar Gidan Kwamanda

Tun daga ranar da Auta ya shigo da karen nan, tsakar gida ta fi ƙarfin Inna.

Gidan na Auta ne, ɗanta na ƙarshe. Shi ya je ya ɗauko ta da ciwon gwiwa ya fara hana ta yi wa kanta hidima. Ɗakunan cikin gida duk da masu su, don haka aka kwashe tarkacen ɗakin ajiya na baya, aka yi masa fenti, aka sa gado da fanka. Banɗakinta yana can ɗaya gefen, kusa da famfo, sai ta ratsa tsakar gida kafin ta kai. Inna ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin wahala ba. Idan kowa ya fita da safe, sai ta jawo kujerarta bakin ƙofa ta sha hantsi, ta wanke 'yan kayanta ta shanya, ta ba furannin matar Auta ruwa. Wani lokaci har bakin get take takawa ta gaisa da masu wucewa.

Sai aka shiga gidan wani a bayan layinsu da rana tsaka, aka sace masa kaya ƙaf. Ba a daɗe ba Auta ya dawo da kare a bayan mota, baƙi wuluk, mai faɗin ƙirji, tsayinsa ya kusa kai ƙugun Inna. Yara suka sa masa suna Kwamanda.

"Inna, ga mai gadinki na kawo miki," in ji Auta, yana shafa kan karen. "Daga yau hankalinki kwance."

Inna tana tsaye a bayan labulen ƙofarta. Ta ce, "Ni da ba ni da abin sata, wa zai zo wajena? A ina za ku ɗaure shi?"

"Ai ba a ɗaure irin wannan. Wanda ya sayar min ya ce in ana ɗaure shi zuciyarsa mutuwa take yi, sai ya koma kamar tunkiya."

Kwamanda bai iya komai ba sai tauna da tono. Da safe Auta da matarsa su tafi aiki, yara su tafi makaranta, a kulle ƙofar falo da ta kicin, a ja get, a bar shi da faɗin tsakar gida ba abokin wasa, ba mai ce masa kanzil. Sai ya huce a kan duk abin da ya tarar. Ya fara da silifas ɗin Inna da ke bakin ƙofa. Ya bi tiyon wanke mota ya yi masa gutsi-gutsi. Ya tone tukwanen fure ya watsar da ƙasar. Butar alwalarta kuwa ɗaukarta ya yi a baki yana zagaya gida da ita kamar wanda ya ciyo kofi, da ya gaji ya huda ta da haƙori ya yar.

Ranar da ta yi ƙarfin hali ta fito shanya, tana ɗaga hannu za ta rataya zani sai ga shi a guje. Ya ɗora ƙafafunsa na gaba a ƙirjinta. Ta faɗi zaune, sandarta ta yi gefe. Bai cije ta ba. Ya tsaya a kanta yana huci, miyau na ɗiga a jikinta, sannan ya ɗauki sandar ya tafi gindin katanga yana gwaguya. Da jan gindi ta koma ɗaki.

Da yamma ta gaya wa Auta. Yana tsaye a bakin ƙofarta da makullin mota a hannu, matarsa na bayansa.

"Wasa yake miki, Inna. Kar ki duba girman jikinsa, yaro ne fa, ko shekara bai yi ba."

"Wannan ne wasan? To Allah ya kiyaye mu da faɗansa."

Matar Auta ta ce, "Inna, ke ce kike nuna masa tsoro. Na gani a waya, kare yana gane mai tsoronsa. Ki daka masa tsawa kawai, ki ce ya zauna."

"Ni da muryata ko kaza ba ta kora?"

Auta ya yi dariya. "Inna ke nan. Za ku saba ne, ki ba shi lokaci."

Washegari ya sayo mata sabuwar sanda ta ƙarfe. Ya ce wannan dai ba zai iya tauna ta ba.

Abin da Inna ta lura da shi, duk wani abu da ake ji da shi a gidan an nema masa mafita. Furannin da suka tsira an mayar da su barandar gaba, an kewaye da raga. Kekunan yara an rataye su a gareji. Igiyar shanyar matar gida ta koma bayan ragar ita ma. Inna kaɗai aka bari a inda take.

Sai ta koyi yin komai a gurguje. Da sassafe, lokacin da Auta ke zuba wa karen abinci a can bakin gareji, shi ne damarta. Ta yi wanka, ta cika sabuwar butarta da wata roba da ruwa, ta dogara sanda ta dawo ta sa sakata. Da ta ji ƙarar get an ja, ta san ba ita ba waje sai yamma. Ɗakin taga ɗaya gare shi, ƙarama, mai kallon tsakar gida. Ta nan take ganin hantsi ya zo ya kwanta a daidai inda kujerarta ta saba zama, ya tashi ya tafi. Kujerar ma Kwamanda ya riga ya cinye mata ƙafa ɗaya.

Tsufa kuma ba ya jiran yamma. Ta samo wani tsohon bokiti mai murfi ta ajiye a bayan ƙofa. Matar da ta aurar da 'ya'ya, ta ga jikoki, ita ce ke jiran yara su dawo su ɗauke hankalin kare, ta lulluɓe bokiti da mayafi ta ratsa tsakar gida tana addu'ar kada kowa ya tambaye ta me ta ɗauko. Wata rana matar Auta ta kawo mata abinci, ta tsaya tana yatsina hanci.

"Inna, ɗakin nan yana buƙatar iska. Ki riƙa buɗe ƙofa mana."

Inna ta ce to. Daga ranar ta rage shan ruwa. Shayin safe ta koma kurɓa biyu ta ture. Idan ƙishirwa ta matsa mata, sai ta kuskure baki ta zubar.

Tana da aminiya ɗaya a unguwar, tsohuwar malamar makaranta da kowa ke kira Malama, wadda takan leƙo su yi hira. Da da ne Inna za ta taka ta buɗe mata ƙaramar ƙofar get. Ran nan Malama ta ƙwanƙwasa, Kwamanda ya taho ya daki ƙarfen da dukan jikinsa, har get ɗin ya girgiza.

"Kina ciki kuwa?" Muryar Malama ta ratso haushin da ƙyar.

Inna ta manna fuska a taga. "Ina nan. Ba zan iya fitowa ba ne."

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan iya fitowa ba."

Haushin ya shanye maganar. Malama ta ɗan jima a tsaye, Inna tana hango gefen takalminta ta ƙarƙashin get, sannan takalmin ya juya ya tafi. Daga baya ta bugo waya ta ce ita hawan jininta ba zai ɗauki wannan dabba ba, sai dai su riƙa gaisawa a waya. Gaisuwar wayar ma ta yi ta ja baya har ta zama sai jefi-jefi.

Ranakun da ba makaranta su ne sauƙinta, domin ƙaramar jikarta, wadda aka sa wa sunanta take kuma kira Takwara, takan shigo ta haye gado ta yi ta bincike. Ita ce ta jawo wani tsohon gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gadon.

"Kaka, mene ne a nan?"

"Dukiyata ce. In kika buɗe sai kin biya."

Takwara ta buɗe. A ciki akwai wata motar wasan yara ta wayar ƙarfe da ta lanƙwashe, da wata 'yar tsana ta katako naɗe cikin ƙyalle. Katakon ya yi baƙi ya yi santsi saboda riƙo. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Idanunta ɗigo biyu ne da aka ƙona.

"Kaka, ba ta da gashi."

"Ke da kika zo duniya da shi kika zo? Kanki kamar ƙwai."

Inna ta karɓi 'yar tsanar ta ɗora a cinya. Ta ce babanta kafinta ne, daga ragowar ƙafar wata kujera ya sassaƙa mata, ya gasa ƙusa a wuta ya yi mata idanu. Ta ce ranar da ya miƙo mata ita tana zaune a cikin dusar katako a shagonsa, har yau idan ta shinshina takan ji kamar ƙanshin shagon. Ta ce duk telan da ke layinsu ya san ta da roƙon ƙyalle, domin 'yarta sai ta sake kaya kullum. Ita da ƙawayenta har gida suke gina mata da akwatin ashana, su dafa mata ƙasa a murfin kwalba, in ta ƙi ci a yi mata faɗa.

"Na goya ta tun kafin na san zan goya babanki. Kuma ta fi shi jin magana."

Suna cikin dariya Auta ya leƙo neman yarinyar. Idonsa ya faɗa kan motar waya. Ya shigo ya tsuguna, abin da ya daɗe bai yi a ɗakin ba, ya ɗauke ta yana juya tayoyin da aka yanka daga tsohon silifas.

"Inna, wai tana nan? Ni fa na yi ta da hannuna. Har yanka ni wayar ta yi, kin tuna?" Ya nuna wa 'yarsa wani ɗan tabo a yatsa. "Ku yaran yanzu ba ku san daɗi ba. Mu da wannan muke zagaye unguwa, ba takalmi, sai Inna ta fito da bulala."

Idanunsa suka yi rau-rau. Ya ce wannan ba abin barin ƙarƙashin gado ba ne, a falo zai sa ta, cikin kabad ɗin gilashi, inda ba abin da zai taɓa ta.

Inna ta ga ransa ya yi fari, ta ce bari ta gwada.

"Auta, ka taimake ni da karen nan. Ko daga hantsi zuwa azahar ne a riƙa rufe shi a wani wuri, in sami iska."

"Inna, ɓarawo ai ba ya sanarwa. Lokacin da ba kowa a gida shi ne lokacin da aka fi buƙatarsa."

"Ni fa? Ni ba kowa ba ce?"

Ya yi murmushi yana miƙewa. "Kin san abin da nake nufi." Ya fita da motarsa a hannu, Takwara na bin sa.

Abin ya faru ne wata rana da cikinta ya ɓaci. Tun safe take fama, bokitin ya cika, ɗakin ya gagari zama. Ta tsaya a taga tana jira har wani mai babur ya tsaya a waje, Kwamanda ya ruga bakin get yana haushi. Ta zare sakata, ta dogara sanda, ta yi saurin da ba ta san tana da shi ba. A gaggawar ba ta ja ƙofar ɗakin ta kama ba.

Tana cikin banɗaki ta ji ƙarar faratansa a kan siminti. Ya zo ya shinshina ƙasan ƙofar, ya yi tozali da inda take, sannan ya juya. Ƙofar banɗakin tana da tsaga a gefen da katako ya bushe. Ta nan ta ga ya tura ƙofar ɗakinta da hanci ya shige.

Filo ya fara fitowa da shi, ya yi ta girgiza kai har audugar ta bazu. Ya koma ya jawo sallayarta. Ta ji bokitin ya kife. Sai ga gwangwanin biskit yana gangarowa tsakar gida da ƙara, murfin ya yi nasa wuri. Kwamanda ya sa hanci ya zaro ƙyallen, ya zauna, ya dafe 'yar tsanar da ƙafafunsa biyu.

"Kwamanda," in ji Inna ta cikin tsagar. "Kwamanda, zauna."

Ai a zaune yake. Ta ji katakon ya yi ƙas a bakinsa.

Ta buɗe ƙofar ta sako ƙafa ɗaya waje, sandar a gaba. Ya ɗago kai, ya yaye leɓe, ya yi wani gurnani daga can cikin ƙirji wanda ba ta taɓa ji ba. Ta ja ƙafarta ta mayar da ƙofar.

Banɗakin rufin kwano ne, ba taga sai 'yan huji a saman bango. Rana ta take. Inna ta tsaya har gwiwoyinta suka ƙi, ta zauna a ƙasa cikin danshi, ta jingina da bango. Kwamanda ya kawo abin taunarsa ya kwanta a inuwar bakin ƙofar, tana jin kowane gutsure. Ta ji kiran sallar azahar ya wuce. Ta ji na la'asar. Ba ta yi kuka ba, jikinta ba shi da ruwan yin sa.

Yara ne suka fara dawowa tare da uwarsu. Takwara ta tsinci wani ɗan guntun katako mai ɗigo ɗaya, ta tsaya tana kallonsa. Matar Auta ta leƙa ɗakin, ta ja baya da hannu a hanci. Da aka kama Inna aka fito da ita, abin da ta fara ji shi ne, "Yanzu Inna, ashe a ɗaki kike yi? Ga banɗaki an yi miki?"

Inna ta sunkuyar da kai.

"Kuma da kin ja ƙofa ai duk wannan ba za ta faru ba. Dabba ce fa, ba ta da hankali."

Da Auta ya dawo ya ga ɓarnar, ya daka wa karen tsawa. Sai ya lura karen yana kakari, yana sa ƙafa a baki. Hankalinsa ya tashi, ya ce ƙila tsinken katako ne ya maƙale masa, ko ma akwai ƙusa a jikin abin. Ya saka shi a mota ya nufi wajen likitan dabbobi. Kafin ya fita ya ce wa matarsa ta ba Inna maganin ciwon jiki.

Kwana biyu bayan nan ya shigo mata da kwali mai gilashin roba a gaba. 'Yar tsana ce mai gashi ruwan ɗorawa da idanu shuɗaye. Ya danna cikinta, ta yi wata irin dariya.

"Kin ga wannan har magana take yi. Ta fi waccan nesa ba kusa ba."

"An gode. Allah ya yi albarka," in ji Inna. Da ya fita ta miƙa wa Takwara.

A daren ba ta ci abinci ba. Washegari babbar 'yarta, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ta bugo waya, ta ji muryar uwar ba daidai ba, ta matsa. Inna ta gaya mata, ba duka ba, ta ɓoye zancen bokiti.

"Inna, ki ƙara haƙuri. Kin san da ina da wuri da tuni na ɗauko ki, amma mu ma a cushe muke. Zan yi masa magana a hankali."

Ko a hankali ta yi, ko da ƙarfi, Allah masani. Da safe Auta ya zo bakin ƙofa cikin kayan aiki, bai ko shigo ba.

"Inna, ƙarata kika kai wajen Yaya? Me na rage ki da shi? Ci ne, ko sutura, ko magani? Cikinmu duka wa ya ce ki zo gidansa in ba ni ba?"

"Ban ce ka rage ni da komai ba."

"To ki daina sa ana min kallon wanda ya wulaƙanta uwarsa. Karen nan don ke na kawo shi. Ke ce kike wuni a gidan."

Daga ranar Inna ba ta ƙara ɗaga maganar ba. Ta ƙara rage ruwan. Leɓenta suka tsage. Fitsari ya koma yi mata zafi, sannan zazzaɓi ya shigo, ta riƙa ce musu cizon sauro ne. Wata yamma Takwara ta shigo ta tarar da ita a kwance tana magana da wanda ba ya ɗakin, tana ce masa ya gasa ƙusar sosai.

A asibiti aka ɗaura mata ruwa. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta ce jikinta ya bushe ƙwarai, ciwon mafitsara ya hau har ya fara taɓa ƙoda. Ta dubi Inna da ta ɗan farfaɗo.

"Mama, me ya sa ba kya shan ruwa?"

Auta ya riga ta. "Tsufa ne, likita. Kullum sai mun yi fama da ita."

"Kare ne," in ji Inna.

Likitar ta ɗago kai daga rubutu. "Kare?"

Auta ya yi ɗan murmushi, ya taɓa gefen kansa da yatsa. "Zazzaɓin ya ɗan rikita ta. Jiya ma da babanta take magana, wanda ya rasu tun ban yi wayo ba."

Likitar ta gyaɗa kai ta ci gaba da rubutu. Akwai masu jira da yawa a waje.

Kwanakin da Inna ta yi a asibitin nan su ne mafi daɗi da ta gani cikin watanni. Ɗakin cike yake da marasa lafiya, ga warin magani, ga mai nishi a gadon kusa. Amma banɗaki yana ƙarshen baranda, kuma duk lokacin da ta so sai ta tashi ta tafi. Ta sha ruwa kofi bayan kofi. Da hantsi takan dogara sanda ta fita ta zauna a benci, rana ta taɓa mata ƙafafu, ta yi hira da masu jinya. Malama ta zo ta wuni. Ranar da aka ce an sallame ta, ta kama hannun wata nas ta ce, "'Yata, ba za a ƙara min ko kwana biyu ba? Har yanzu ina jin jiri." Nas ɗin ta yi dariya ta ce ba ta taɓa ganin mai roƙon zaman asibiti ba, kuma ana buƙatar gadon.

Da motar ta shiga gida, Inna ta ga mai walda a tsakar gida da sandunan ƙarfe, tartsatsi na tashi, babban jikanta na riƙe da Kwamanda da igiya. Wani sanyi ya ratsa zuciyarta. Ta ce a ranta, ashe ya ji, keji ake yi wa karen.

Sai ta ga mai waldar ya ɗaga abin da ya haɗa, ya nufi ɗakinta da shi, ya jingina a bakin ƙofar. Ya yi daidai.

"Kin gani, Inna," in ji Auta. "Yanzu sai ki buɗe ta katako ki bar wannan. Ga iska, ga haske, kuma ba zai iya shigowa ba. Na sayo miki kujerar bahaya irin ta asibiti, tana ciki. Ba ruwanki da ratsa tsakar gida kuma."

Mai waldar ya tambaya ta wane gefe zai sa sakata.

"Ta waje," in ji matar Auta. "Ta fara mantuwa. In ta ciki ce za ta buɗe ta manta, a sake yin irin ta rannan."

Mai waldar ya dubi tsohuwar, ya dubi maigidan. Auta ya ce a yi yadda Madam ta ce. Aka yi.

A gidan nan ba a taɓa zagin Inna ba. Ba a taɓa ɗaga mata hannu ba. Abincinta bai taɓa makara ba, maganinta yana kan lokaci, zannuwanta sababbi ne. In aka ce a nuna tabo, ba za ta iya nunawa ba. Kowace safiya matar Auta takan ajiye mata ruwa da abinci, ta ce, "Inna, sai mun dawo," ta tura sakata da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da jakar aiki. Kuma kowa a gidan yana fita da zuciya wasai, domin kowa ya yi abin da ya ga ya dace.

Da labarin rashin lafiyar ya bazu, dangi suka sa rana suka zo dubiya, mota guda, da ƙanin marigayi mijinta a gaba. Tun kafin su iso Auta ya kira Kwamanda da fito, ya tura shi gareji ya ja ƙofa. Abin bai ɗauke shi komai ba. Aka zare sakatar, aka buɗe ƙofar ƙarfen har bango, aka saki labule ya rufe ta. Aka sa wa Inna sabon mayafi aka kawo ta falo, kan kujera mai laushi.

Baƙi suka ci suka sha. Ƙanin mijin nata ya dubi fanka, ya dubi labulaye, ya dubi Auta.

"Kai dai Allah ya yi maka albarka. A zamanin nan samun ɗan da zai riƙe uwarsa haka sai an tona." Ya juyo gare ta. "Ke kam kin dace. Ai kina jin daɗinki ko?"

Duk falon ya zuba mata ido. Auta yana murmushi. Daga gareji ana jin faratan kare a jikin ƙofa.

"Alhamdu lillahi," in ji Inna.

Da la'asar sakaliya suka tashi. Aka raka su bakin get, har da ita, tana dogara sanda a hankali, tana jan tafiyar yadda za ta daɗe. Motar ta tafi. Matar Auta ta shiga kwashe kwanuka. Inna ta tsaya a tsakiyar tsakar gida. Rana ta yi sanyi, iska na kaɗawa, wani yaro a waje yana gara taya yana waƙa.

"Auta, bar ni in ɗan zauna a nan. Ko zuwa magariba."

Yana tsaye a bakin gareji, hannunsa a kan ƙofar. Daga ciki karen ya yi wani siririn kuka.

"Inna, ki shiga dai, don Allah," in ji shi. "Tun safe yake a kulle. Wallahi tausayi yake ba ni."